BABBAN GWANI MUHAMMADU DURUGU: MAGININ DA YA SAN HALIN ƘASA

Gabatarwa

Mu ɗaliban harshe mun saba, da zarar an ce a kawo tarihin wani shahararren mutum na ƙasar Hausa, sai hankalinmu ya tafi ga sarki ko malami ko mawaƙi. Wannan ba laifi ba ne, domin su ne suka bar mana rubutu da waƙa, waɗanda su ne abincinmu a wannan sashe. Amma a wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in ɗan ratse, in kawo tarihin wani bawan Allah da bai bar mana ko baiti guda ba. Abin da ya bari shi ne ginshiƙai da bakan gizo da tulluwa, waɗanda ya tayar da jar ƙasa da itacen giginya, suka kuma yi shekara fiye da 160 a tsaye. Wannan mutum shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani.

Abin da ya jawo hankalina gare shi kuwa, wani abu ne da ya faru a gidanmu a Azare lokacin ina sakandare. Akwai wani tsohon soro na kakanmu, ginin ƙasa, wanda tun kafin a haifi mahaifina yake tsaye. Duk shekara idan damina ta ƙarato sai a kira magini ya yi masa yaɓe, ya gyara indararo. Da kakanmu ya rasu, sai wani baffana ya ga wannan wahala ta isa haka, gara a shafe soron da siminti kowa ya huta. Aka shafe shi ya yi fes, har maƙwabta na shigowa kallo. Damina ta farko da ta biyu lafiya lau. A ta uku sai simintin ya fara kumbura yana ɓamɓarowa, muka tarar ƙasar da ke bayansa ta jiƙe sharkaf. Wata rana da dare cikin watan Agusta kusurwar gabas ta zube, Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Da gari ya waye wani tsohon magini na unguwarmu ya zo jaje, ya zagaya ya duba, ya shaida mana cewa mu muka kashe soron da hannunmu, domin ƙasa numfashi take yi, mu kuwa mun toshe mata hanci. A bakin wannan dattijo na fara jin sunan Babban Gwani.

Sunansa da Zamaninsa

Babban Gwani ya rayu ne a ƙarni na 19, zamanin Daular Usmaniyya. Wasu marubuta sun kira shi Muhammadu Durugu, wasu kuma, musamman waɗanda suka yi rubutu kan masallacin Zariya, sun kira shi Malam Mika'ilu. Laƙabin dai ya danne sunan yanka, kamar yadda aka saba ga duk wanda sana'arsa ta fi shi suna. Zuriyarsa na nan a cikin birnin Zariya, a unguwar da ake kira da laƙabin nasa, kuma sun gaji sana'ar gini.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan kalmar gwani. A wajenmu ƙasar Katagum, da yake muna maƙwabtaka da Barno, idan aka ce gwani abin da ke fara zuwa zuciya shi ne mahaddacin Alƙur'ani wanda ya ƙware har yana rubuta shi da ka ba tare da kuskure ba. Ke nan kalmar ba ta tsaya ga iya abu kawai ba, tana nufin wanda ya kai matsayin da sauran masu abin ke komawa gare shi idan sun rikice. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, masanin zanen gine-gine wanda ya yi digirinsa na uku a 1981 a kan ginin gargajiya na ƙasar Hausa, ya nuna cewa su ma magina haka suke bambanta maginin yau da kullum da gwani, har jama'a kan danganta baiwar gwani da aljannu. To idan wannan shi ne gwani, sai mai karatu ya auna wanda gwanayen da kansu suka kira babba.

Zamanin da ya taso zamani ne da ake neman magina ido rufe. Bayan jihadin da aka fara a 1804, masu tuta sun bazu suna kafa sababbin garuruwa, kowane gari kuwa yana bukatar ganuwa da masallacin Juma'a da fada. Ba sai mun je da nisa ba wajen neman misali. Malam Zaki, wanda ya rasu a 1814, shi ya kafa garin Katagum. Shekara 10 bayan rasuwarsa, a watan Janairun 1824, Baturen nan Kilafatan ya sauka a garin zamanin Sarki Ɗankauwa, ya kuma rubuta cewa tun da ya baro Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin kariya irinsa ba. Ya ƙirga ganuwa biyu na ƙasa, ɗaya cikin ɗaya, da gwalalo uku da ƙofofi huɗu. Tsayin ganuwar ya kai ƙafa 20, kaurinta daga tushe kuwa ƙafa 10. Wani abin sha'awa, a wannan shekara ta 1824 ɗin ce wani magini a birnin Lids na Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar irin simintin da ya zama kakan wanda muke saye a buhu yau. Wato lokacin da siminti ke jariri, ginin ƙasa a wajenmu ya riga ya yi gemu.

Sai dai ganuwa, duk girmanta, ba ita ce ma'aunin gwaninta ba. Ka tara ƙasa da yawa, ka faɗaɗa gindi, ka tsuke sama, za ta tsaya da nauyinta. Inda gizo ke saƙar shi ne rufi. Yaya za a yi a rufe ɗaki mai faɗi da ƙasa, ɗaruruwan mutane su zauna a ƙarƙashi hankali kwance? A nan ne Babban Gwani ya yi wa tsara nisa, kuma ba za a gane abin da ya yi ba sai an san halin kayan da ya yi aiki da su.

Halin Ƙasa da Halin Azara

A jami'o'i akwai wani fanni da ɗaliban injiniya ke fara karatu da shi, wanda ke nazarin halayen kayan da ake gini da ƙira da su, kamar ƙarfe da katako da siminti da gilashi da roba. Tambayar da fannin ke yi ita ce, idan aka danne abu, ko aka ja shi, ko aka lanƙwasa shi, ko ya sha zafi, ko ruwa ya taɓa shi, yaya zai yi? Da na leƙa littafin wani abokina da ke karanta wannan fanni, sai na ga ashe Bahaushe yana da kalmominsa tun tuni. Mukan ce abu yana da tauri, ko ƙwari, ko danƙo, ko gautsi, kuma ba ma cakuɗa su. Tukunyar ƙasa tana da tauri amma ga gautsi, da ta faɗi sai ta tarwatse. Igiyar rama ba ta da tauri ko kaɗan, amma ka rataya mata guga cike da ruwa ba za ta tsinke ba.

Busasshiyar ƙasa irin tukunyar nan ce. Tana jure danni ƙwarai, shi ya sa bango ke ɗaukar bene. Amma ba ta jure ja, kuma ruwa shi ne ajalinta. Saboda haka aikin magini na farawa ne tun daga kududdufin da za a haƙo ta. Idan yumɓu ya yi yawa a cikinta, tana bushewa za ta tsuke ta tsattsage. Idan yashi ne ya yi yawa, ba za ta kama ba, sai ta riƙa marmashewa. Jar ƙasar nan mai tsakuwa da magina ke kira birji ita ake nema. A jiƙa ta, a tattaka, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, wani lokaci har da kashin doki, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake kwaɓawa. Ciyawar nan ba cika ciki ba ce, zarenta ne ke riƙe ƙasar ya hana tsaga ta yi tafiya. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Wajen gini a jera shi kai na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba a ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Wannan ne ya sa gini aikin rani ne.

Azara kuwa irin igiyar nan ce, sai dai ita ga ƙwari ga tauri. Daga giginya ake samun ta, an kuma fi son namijin. Idan aka sare giginya za a ga cikinta da taushi, amma gefenta cike yake da baƙin zare mai tsananin ƙarfi wanda ya miƙe daga gindi zuwa sama. Wannan gefen ake tsagawa a fitar da azara. Gara ba ta cika damunta ba, ba ta kuma saurin ruɓewa. Amma ita ma tana da iyakarta. Ɗauki karan dawa ka lanƙwasa shi, za ka ga bayansa ya miƙe har ya tsage, cikinsa kuma ya tattare. Haka abin yake ga duk itacen da aka gitta aka aza masa kaya: samansa na shan danni, ƙasansa na shan ja. Azara na iya jure wannan idan tazarar bango da bango ba ta wuce kimanin mita biyu ba. Da ta wuce haka, nauyin ƙasar rufi sai ya sa ta yi ciki. Shi ya sa tsofaffin shigifu suke da tsawo amma ba faɗi. Magina sun rage wannan matsala da abin da suke kira tauyi, wato a binne gajerun azara a saman bango su ɗan leƙo ciki, sannan a ɗora na rufi a kansu. An sami ƙari, amma ba mai yawa ba.

Babbar mafita ita ce bakan gizo. Magini zai dasa damin azara a cikin bango ya karkato su ciki kaɗan, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sai ya hau kan wannan ɗin ya ɗaura wani damin wanda ya fi na farko karkata, ya sake lulluɓewa. Haka zai yi ta yi daga wannan bango, ana yi daga wancan, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Babu wani katako da ake tokarawa daga ƙasa, ginin ne ke ɗaukar mai gina shi. Idan aka gama, azara na riƙe da wurin da ake ja, ƙasa na riƙe da wurin da ake danni, kowa an ba shi aikin da ya iya. Duk wanda ya taɓa ganin ana ɗaure rodi kafin a zuba kankare ya ga irin wannan tunani, domin shi ma kankare gwanin danni ne, rago ne wajen ja. Wani mai lambu Bafaranshe, Joseph Monier, ya yi rajistar dabarar saka ƙarfe cikin siminti a 1867. Ba ina cewa ƙarfin ƙasa da azara ya kai na kankare da rodi ba, ko kusa. Abin da nake cewa shi ne tunanin ɗaya ne, kuma maginanmu sun kai gare shi ta hanyarsu.

Saura maganin ruwa. Nan ma ba a shigo da komai daga waje ba. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, a haɗa da ƙasar yaɓe ko ta daɓe. Binciken zamani ya nuna cewa sinadarin da ke sa ɓawon ɗorawa bauri yana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin jar ƙasa, sai ta ƙara jure ruwa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, bayan an toya shi an daka, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Duba yadda sana'o'i uku suka haɗu a kan rufin soro ɗaya, sharar marini da ta majemi ta zama kayan aikin magini. Irin wannan yaɓe yana kore ruwan sama, kuma da yake jinsinsu ɗaya da bango, tare suke miƙewa tare suke tsukewa, laimar da ta shiga kuma tana samun hanyar fita. Siminti kuwa halinsa daban. Rana ta buga shi ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita. Abin da ya ci soron kakana ke nan.

Masallacin Zariya

Aikin da ya ɗaukaka sunan Babban Gwani shi ne masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ba ɗakin salla kaɗai ya gina ba, har da zaurukan shiga da wuraren alwala da ɗakin shari'a, duk a cikin haraba guda.

Magina sun san bakan gizo, amma a wannan masallaci ne aka ga iyakar abin da zai iya yi. Ya tayar da manyan ginshiƙai, daga jikinsu bakan gizo suka fito suna ratsa juna, suka rarraba rufin zuwa ƙananan gurabe waɗanda azara za ta iya rufewa ba tare da ta yi ciki ba, sannan tulluwa ta hau kai. Ita kanta tulluwar ba don ado kawai aka yi ta ba, ƙundunta na sa ruwan sama ya gangare da sauri zuwa indararo. Jikin ginshiƙan kuma ya yi masa zane mai kauri tun ƙasar na ɗanya, layuka da da'irori da kusurwoyi, ba tarkace. Ranar da na shiga wurin na ɗaga kai, abin da ya fara zo mini shi ne nauyi. Tan nawa ne na ƙasa ke rataye a kan masallata, an kuma yi ta sujada a ƙarƙashinsa tun kafin Turawa su zo, babu mai ɗar-ɗar?

Labaran baka sun ce da dare yake aikinsa, shi kaɗai, mutane su wayi gari su ga gini ya ƙaru, daga nan ne ma zancen aljannu ya samo tushe. Ni dai a nawa ganin, mai sana'a da ke ɓoye sirrinsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma ƙasar da aka ɗora da sanyin dare ba ta bushewa a gurguje balle ta tsage. Mai yiwuwa aljanin nasa bai wuce wannan ba.

Kafin Madaki da Ƙarshen Rayuwarsa

Mu mutanen jihar Bauci muna da namu rabon a aikinsa. A garin Kafin Madaki, a ƙaramar hukumar Ganjuwa kan hanyar Bauci zuwa Ningi, akwai gidan Madakin Bauci wanda ya gina wajejen 1860, zamanin Sarkin Bauci Ibrahim ɗan Yakubu. Lokaci ne da Ningawa suka hana Bauci da Kano barci, garin kuwa yana fuskantar ƙasarsu, sunansa ma ya nuna wurin tsaro ne. Babban soron gidan har yau da laƙabin maginin ake kiransa, kuma a 1956 gwamnati ta sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa da doka ta kare. Na je wurin da bazara, lokacin da ɗakin kwano ke zama tanda. Ina shiga sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Dalili kuwa, bango mai kauri a hankali yake shan zafi, kafin zafin rana ya ratsa shi ya kai ciki dare ya yi, da dare kuma ya riƙa sakin ɗumin sannu a hankali. Kwano kuwa ƙarfe ne, yadda ya karɓa haka yake miƙawa nan take.

Game da rasuwarsa, labarin da ya fi yawo shi ne wai bayan ya gina wani masallaci a Birnin Gwari sai aka kashe shi, don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Ni ina ɗaukar wannan labari da taka-tsantsan, domin irinsa na bin manyan magina a ko'ina cikin duniya. Waɗanda suka yi Larabci a cikinmu sun san labarin Sinimmaru, wanda ya gina wa Sarki Nu'umanu na Hira fadar Hawarnaƙ, aka saka masa da jefowa daga samanta, har sakayyar tasa ta zama karin magana a wurin Larabawa. Sau da yawa irin wannan labari yabo ne aka yi masa rigar ta'aziyya, ana nufin ba za a sake yin kamarsa ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Bayan Rasuwarsa

A shekarun 1970 aka sabunta masallacin Zariya, aka tayar da ginin zamani ya lulluɓe tsohon ɗakin salla, sassan da ke harabar kuma suka tafi. Allah ya sa kafin nan wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna masallacin ya zana shi. Shi ne ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin da ƙasa da azara. Ya rasu a 1982, littattafansa uku kan gine-ginen gargajiyar Nijeriya suka fito a 1990. Shi ma tsohon garin Katagum, tun da aka mayar da hedikwatar masarauta Azare a 1916, ganuwar da ta ba Kilafatan mamaki ta rasa masu yi mata yaɓe, damina ta yi ta cin rabonta.

Inda abin ya shafe mu, mu ɗaliban Hausa, shi ne kalmomin. Kwanakin baya na gwada abokan karatuna goma a ɗakin kwananmu da kalmomi shida: tubali, makuba, katsi, laso, tauyi da tulluwa. Kowa ya san tubali, ko da yake rabinsu bulo suke nufi. Mutum uku suka san makuba. Tauyi kuwa babu ko ɗaya, ni ma da ba don dattijon nan na unguwarmu ba da ban sani ba. Ga mai neman batun kundin kammala digiri, tsofaffin magina na nan a Azare da Katagum da Jama'are da Misau, kuma ba su ƙi a zo da littafi da biro a zauna da su ba. Shi dattijon namu ya riga mu gidan gaskiya, ban rubuta ko rabin abin da ya sani ba.

Da aka kwashe ɓaraguzan soron kakana, an ciro azarorinsa guda-guda, baƙaƙe wuluk, babu wadda gara ta taɓa. Baffana ya tayar da ɗakin bulo da kwano a wurin, wanda ba ya shiguwa da rana daga Maris zuwa Mayu. Azarorin kuwa su aka yi wa awaki rumfa da su a bayan gida, suna nan har yau.